Kafin Ka Yar da Tsohuwar Laftof, Duba Ma'adanarta

Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa a ƙasar nan 'yan gwanjo ne, an ci moriyarsu a Turai ko Amurka kafin su iso mana. Da zarar irin wannan kwamfuta ta fara nauyi, a kunna ta sai an sha shayi an dawo ba ta gama tashi ba, sai mai ita ya yanke hukuncin cewa ta tsufa. Sau da yawa kuwa abu ɗaya ne ke jan ƙafa a cikinta, wato ma'adanar bayanai ta tsohon yayi da ake kira HDD. Faifai ne na gaske a ciki, yana juyawa kamar sau 5,400 a minti guda, ga wani ɗan hannu yana kai-komo a kansa yana laluben abin da aka nema, dabarar da kamfanin IBM ya fito da ita tun 1956. Ita kuwa ma'adanar sabon yayi da ake kira SSD babu abin da ke motsi a cikinta, danginsu ɗaya da fulas. HDD ta laftof kan karanta kusan megabayit 100 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗar SATA kuma ta haura 500, kuma ratar ta fi haka nesa wajen dubban ƙananan fayilolin da Windows ke nema lokacin tashi. Ga shi jijjigar adaidaita sahu ba ta damun SSD. Don haka sauya ma'adana ya fi sayen wata kwamfuta sauƙi, muddin an san abin da ake saye.

A nan ne ake yin asara. SSD iri-iri ce. Akwai mai inci biyu da rabi, wadda ke zama daidai gurbin tsohuwar HDD, akwai kuma siririya mai kama da tsinken cingam da ake kira M.2, wadda aka fi samunta da faɗin milimita 22 da tsawon 80. Ita ma M.2 ɗin ta kasu biyu, SATA da NVMe, kuma ba kowane gurbi ne ke karɓar duka biyun ba, ko da ta shiga ta zauna daram. Wasu ƙananan laftof ma, da sababbin MacBook, an liƙe ma'adanarsu a jikin allon na'urar, ba ta ciruwa. A duba lambar samfurin kwamfutar a san abin da take ɗauka kafin a zaro kuɗi.

Sai batun jabu. Akwai wadda aka rubuta wa terabayit guda a jiki, har kwamfutar ma ta nuna hakan, alhali ainihin cikinta bai taka kara ya karya ba. Sai ta cika, bayanai su fara lalacewa shiru. Manhajar H2testw tana tona wannan asiri, CrystalDiskInfo kuma tana nuna awannin da ma'adanar ta yi tana aiki, don kada a sayar maka da tsohuwa a sabon kwali. Farashin da ya faɗo ƙasa da na kowa abin tuhuma ne, araha dai ba ta ado.

Masu cewa SSD tana ƙarewa da yawan rubutu suna da gaskiya, amma a duba lissafin. Samsung 870 EVO mai gigabayit 500 an ƙayyade mata terabayit 300 na rubutu. Wanda ke zuba gigabayit 20 kullum sai ya shekara arba'in bai cinye ba, laftof ɗin za ta riga ta mutuwa. Abin tsoron na gaskiya wani ne daban: HDD takan yi ƙara ko ta riƙa maƙalewa kafin ta mutu, SSD kuwa tana iya ɗaukewa farat ɗaya, kuma abin da aka goge a cikinta da wuya ya dawo. Sannan ba maganin kowace cuta ba ce. Ba za ta ƙara RAM ba, ba za ta gyara fankar da ƙura ta toshe ba, ba kuma za ta sa kwamfutar da ba ta da TPM 2.0 ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, ga shi Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10.

Kafin ka miƙa wa mai gyara laftof ɗinka, kwafe takardunka da hotunanka a wani wuri. A buɗe kwalin SSD ɗin a gabanka, ka karɓi rasit. Kada kuma ka bar masa tsohuwar ma'adanar, domin duk sirrinka na cikinta. Sa ta a ɗan akwatin USB ta zama wurin ajiyarka na biyu.