Ciwon damuwa: tsakanin majami'a da asibiti a Wusasa

A Wusasa da ke gefen birnin Zariya, majami'a da asibiti maƙwabtan juna ne tun farko. Bayan da 'yan mishan na CMS suka tare a garin a 1929, sun gina cocin St. Bartholomew, suka kuma kafa asibitin St. Luke. Dokta Walter Miller, wanda ya fara aikin mishan a Zariya a 1905, kuma ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932, shi kansa likita ne.

Sai dai akwai cutar da har yau iyalai da dama na Kirista a arewacin Najeriya ba sa kai ta asibiti, wato ciwon damuwa. Likitoci na bayyana shi da baƙin cikin da ya kai mako biyu ko fiye bai sassauta ba, tare da rashin barci ko yawansa, ƙin abinci, kasala, da yanke ƙauna. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 7 ne ke fama da shi.

Wusasa ta san abin da ke haddasa irin wannan ciwo. Ranar 17 ga watan Yunin 2012 an kai harin bam kan wata majami'ar ECWA a garin, a ranar da aka kai wasu hare-haren a Sabon Garin Zariya da Kaduna. Raunin jiki ya kan warke cikin watanni, amma firgici da makoki su kan daɗe a zuciya.

Babban abin da ke hana mai ciwon yin magana shi ne tsoron a ce bangaskiyarsa ce ta yi rauni, ko kuma ya aikata wani zunubi a ɓoye. Fastocin da ke adawa da wannan fahimta su kan kafa hujja da labarin annabi Iliya a sura ta 19 ta Littafin Sarakuna na Fari. Iliya ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin itace, ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai tsawata masa ba. Abinci da ruwa ya ba shi har sau biyu, ya bar shi ya yi barci, kana tafiya ta biyo baya. Haka nan Zabura ta 88 ta ƙare ne cikin duhu, kuma ba a cire ta daga Littafin ba. A labarin Ayuba ma, abokansa da suka dage cewa laifinsa ne ya jawo masa wahala su ne aka tsauta wa a ƙarshe.

Inda matsalar ta fi muni shi ne gidajen addu'a da ake tsare marasa lafiya. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure masu taɓin hankali da mari a cibiyoyin Kirista da na Musulmi, har da asibitocin gwamnati. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Haɗa kai da malaman addini ba sabon abu ba ne. Farfesa Thomas Lambo ya gwada aiki tare da masu maganin gargajiya a Aro, kusa da Abeokuta, tun 1954. Dalili kuwa a fili yake: fasto ne ya kan fara jin labarin kafin likita.

Mai ciwon da ke yankin Zariya na iya zuwa sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Maganin damuwa ya kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa ke jefar da shi. Nan ne zumuntar mata da 'yan kwaya ke da rawar takawa: ziyara, kai abinci, da raka mara lafiya ranar ganin likita. Wanda kuma ya fara zancen kashe kansa, likitoci sun ce a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.