Musa Ma'azu, ɗan ci-ranin ƙwallon ƙafa

Mutanen Adar da na Damagaram sun san ci-rani. Idan an gama girbi, saurayi ya ɗaure kayansa ya nufi Abijan ko Kumasi, ya yi aikin da ya samu, damina ta faɗi ya komo gida. A cikin sana'ar ƙwallon ƙafa ma akwai irin wannan tafiya, sai dai ita ba ta jiran girbi, kuma ba koyaushe mai tafiyar ke zaɓen garin da zai sauka ba. Ɗaya daga cikin 'yan Nijar da suka fi nisa bisa wannan hanya shi ne Musa Ma'azu, wanda jaridun Turai ke rubutawa Moussa Maâzou. Ya yi wasa a ƙasa fiye da 10, cikin nahiya 3.

An haife shi a Yamai a shekara ta 1988. Ya fito fili a ASFAN, ƙungiyar wasa ta sojan Nijar, inda aka san shi da tsawo da gudu da cin raga. A 2008 ƙungiyar Lokeren ta ƙasar Beljik ta ɗauke shi. Lokeren ƙaramin gari ne, ƙungiyarsa ba ta cikin manya, amma irin wurin da baƙon yaro ke bukata ke nan: ana sa shi wasa kowane mako, yana ci, ana ganinsa. Shekara guda ta isa sunansa ya kai kunnen masu kuɗɗi.

Cinikin Mosko

A 2009 ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko ta saye shi kusan Yuro miliyan 5, wato fiye da miliyar 3 na sefa. Mai horar da 'yan wasanta a lokacin shi ne Zico, tsohon gwanin Birazil. Ga yaron da bai cika shekara 21 ba, wannan babban rabo ne. Amma daga wannan ciniki ne yawon ya soma.

Ya kamata mai karatu ya gane abin da ake nufi idan an ce an sayi ɗan wasa. Ba mutum ake saye ba, yarjejeniyar aikinsa ce. Kuɗɗin cinikin kuwa ba aljihunsa suke shiga ba, ƙungiyar da ta sallama shi ke karɓa. Shi nasa albashi ne da ladan sa hannu. Ƙungiyar da ta zuba miliyoyi tana son abu biyu: ya ci mata wasa yau, ko kuwa ta sayar da shi gobe da riba. Idan bai samu wuri cikin mutum 11 na farko ba, ba za ta bar shi zaune darajarsa tana zubewa ba. Sai ta ba da shi aro ga wata ƙungiya, wata shida ko shekara, kamar yadda mai dukiya ke ba da saniya kiwo alhali tana nan tasa.

Haka ta faru da Ma'azu. A Mosko bai kafu ba. A watan Janairu na 2010 aka ba Monako aronsa, ya yi abin kirki, ƙungiyar har ta kai wasan ƙarshe na Kofin Faransa a wannan shekara. Da Monako ce mai shi, da wataƙila ya zauna. Amma aro aro ne. Kaka ta gaba sai ga shi a Bordo, inda zama bai yi daɗi ba. A Janairun 2011 ya koma Monako, bai daɗe ba ya ji ciwo a gwiwa, sauran kakar ta wuce shi. Da ya warke aka tura shi Zulte Waregem a Beljik, daga nan Le Mans a Faransa. Aro biyar ke nan cikin shekara biyu da rabi.

Mai kallo daga nesa yakan ce ai duk ƙwallo ce. Ba haka ba ne. Kowace ƙaura sabon mai horo ne da tsarinsa, sababbin abokan wasa da ba su san inda yake son a jefa masa ƙwallo ba, sabon gida, wani lokaci sabon harshe. Mai cin raga kuwa da sabo yake ci. Ga shi kuma mai horo, idan wuri ɗaya ya rage, yakan fifita ɗan ƙungiyarsa bisa ɗan aro, don ba ya son ya yi wa wani kiwo. Hukumar FIFA da kanta ta ga ɓarnar wannan hali: a 2022 ta ƙayyade cewa aro ba zai wuce shekara guda ba, ta kuma rage yawan 'yan wasan da ƙungiya ɗaya ke iya turawa ƙasashen waje. Dokar ta zo bayan Ma'azu ya riga ya sha rabonsa.

Akwai wata doka kuma da ta shafi shugabannin ƙungiyoyin gida. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗɗin don ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12 har 23. Amma sai da takarda. Ƙungiyar unguwa da ta koya wa yaro wasa ba ta rubuta sunansa a hukuma ba, ranar rabo ba ta da bakin magana.

Rigar da ba ta sake ba

A tsakiyar wannan yawo ne ya yi aikin da Nijar ta fi tunawa da shi. Ran 10 ga Oktoba 2010, Mena ta karɓi Masar a filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai. Masar ta ɗauki Kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Aka tashi ɗaya da babu, Ma'azu ne ya ci. A Satumban 2011 ya sāke ci, aka ka da Afirka ta Kudu biyu da ɗaya. Mena ta ci wasanninta uku na gida, ta faɗi uku na waje, ta tashi da maki 9 daidai da Afirka ta Kudu da Saliyo. 'Yan Afirka ta Kudu har sun yi rawa a filinsu, suna zaton sun wuce, ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Da aka duba wasannin da ƙasashen uku suka yi tsakaninsu, Nijar ce a gaba. Ta haka Mena, ƙarƙashin Haruna Dula, ta je Kofin Afirka na 2012 a Gabon, karo na farko a tarihinta, ta kuma koma a 2013 a Afirka ta Kudu. Ba ta ci wasa ko ɗaya ba a zuwan biyu, amma ta je. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi; shi kam a shekarun da babu ƙungiyar da ta riƙe shi, gida ya riƙe.

A 2012 ya rabu da Mosko ya tafi Étoile du Sahel ta birnin Susa a Tunisiya. Daga nan sai Fotugal, da farko Vitória ta Gimarayish, sannan Marítimo a tsibirin Madera. A Marítimo ya samu abin da ya rasa tun Lokeren, wato mai horo da ke sa shi wasa kullum. Cikin rabin kaka ya shiga sahun masu yawan ci a ƙasar. Ladan wannan ƙoƙari shi ne wani ciniki: a farkon 2015 aka sayar da shi ga Changchun Yatai ta ƙasar Sin, lokacin da ƙungiyoyin can ke zuba kuɗɗi don jawo baƙi.

Sauran hanyar ta tafi da sauri, yarjejeniyoyin kuma suna ƙara gajarta. Randers a Danmak a 2016, Ajaksiyo a tsibirin Kors, Lens a arewacin Faransa, Ohod ta birnin Madina a 2019, sai wata ƙungiya ta garin Nes Ziyona a Isra'ila. A 2021, yana da shekara 32, ya sa hannu a Jeunesse ta garin Esh a Luksambur, ƙasar da mutanenta duka ba su kai yawan mutanen Yamai ba.