Kiwon Kifin Teku A Cikin Ɗaki

Kusan kowace shekara, idan damina ta ja baya kududdufai suka fara ƙafewa, sai mun ga wani ɗan aji ɗaya ya shigo ɗakin kimiyya da 'yar tarwaɗa a cikin gwangwanin madara. Mukan juye ta a bokiti, a riƙa jefa mata ɓarɓashin burodi, kuma sau da yawa har a yi hutu tana nan da ranta. Daga nan ne tambayar takan taso. Ɗalibai sun ga hotunan kifaye masu launin ja da shuɗi da ruwan ɗorawa a littafi ko a talabijin, suna yawo cikin akwatin gilashi a falon wani mutum a Turai ko Amurka, sai su ce, "Malam, mu ma me zai hana mu ajiye irin waɗannan?" Amsar ta fi ƙarfin minti 40 na darasi, shi ya sa muka kawo ta wannan shafi.

Mu fara da tarwaɗar tamu. Ita ta saba da wahala. Ruwan da take ciki yau ya cika, gobe ya ragu, da rana ya yi zafi, da dare ya yi sanyi, kuma idan iskar cikin ruwan ta ƙare tana iya leƙowa ta shaƙi ta sama. Gaiwa ma ta fi ta, domin ita takan shige cikin laka ta kwanta har rani ya wuce. Waɗancan kifaye masu ado kuwa, gidansu tudun murjani ne a tekuna masu ɗumi, kamar na Indonesiya da Filifin da Ostareliya da Bahar Maliya. A can ruwa yana da yawan da ba ya jin canji. Gishirinsa na bana shi ne na bara, zafinsa ba ya motsawa sai kaɗan a shekara, kuma igiyar ruwa tana share ƙazanta dare da rana. Kifin da kakanninsa suka rayu a irin wannan wuri jikinsa bai koyi jure sauyi ba. Saboda haka babban aikin mai kiwonsa shi ne ya hana ruwan lita 200 ko 300 canzawa, alhali ɗan ruwa kaɗan ba abin da ya fi shi saurin canzawa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu gyara wani kuskure. Da yawa daga cikinmu mun san murjani a wuyan iyayenmu mata, muna ɗaukarsa dutse. Murjani dabba ce. Ƙananan halittu ne masu taushi da suke zama jingim a wuri ɗaya, kowace tana gina wa kanta gida mai tauri da sinadarin kalshiyam da take ja daga ruwa. Jan murjanin da ake yin tsakiya da shi daga Bahar Rum ake samo shi, kuma jinsinsa dabam ne da masu gina tudu a tekuna masu ɗumi. Su masu gina tudun, a cikin naman jikinsu akwai wasu ƙwayoyin tsiro da ido ba ya gani, waɗanda suke haɗa abinci da hasken rana su ba mai masaukinsu. Wannan ne ya sa mai akwatin murjani dole ya kunna fitila mai ƙarfi wajen awa 8 zuwa 10 kullum. Tudun murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jinsunan halittun teku suna dogara da shi.

Ba yau aka fara wannan kiwo ba. A 1846 wata Baturiyar Ingila mai suna Anna Thynne ta ɗebo murjani daga gaɓar teku ta kai gidanta a Landan, ta raya shi har wajen shekara uku. Ba ta da famfo, sai dai kullum a riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan domin iska ta shige shi. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye domin jama'a su zo kallo. Na'urori sun canza tun daga lokacin, amma matsalolin suna nan yadda suke.

Na farkonsu gishiri. A kowace lita ta ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri, wato akwati mai lita 200 yana bukatar wajen kilo 7. Gishirin miya ba zai yi ba, domin na teku gauraye ne: kimanin kashi 85 cikin 100 ne irin na miya, sauran kuwa magnesiyam ne da kalshiyam da fotashiyam da wasunsu, kuma murjani ba ya rayuwa sai da su. Ana sayar da wannan gauraye a buhu, a dama shi da ruwan da aka tace sosai. Ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da abubuwan da mu ba sa damunmu amma suna kashe halittun teku.

'Yan aji huɗu za su tuna darasinmu na yadda ruwa yake ratsa fata mai laushi daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Jinin kifin teku bai kai ruwan da ke kewaye da shi gishiri ba, don haka kullum ruwan jikinsa yana tsiyayewa waje. Domin kada ya bushe a tsakiyar teku, sai ya riƙa shan ruwan gishirin, yana fitar da gishirin ta gaɓar numfashinsa da ke gefen kai. Aiki ne da ba ya tsayawa. To, a cikin akwati, zafi yana kwashe ruwa ya bar gishiri, kamar yadda ake samun gishiri a Bilma. Idan mai kiwo ya yi sakaci na 'yan kwanaki, gishiri ya ƙaru, aikin kifin ya ninku. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne, ruwan da za a cike giɓin da shi ruwan daɗi ne zalla, tun da gishirin bai je ko'ina ba.

Na biyu ƙazanta. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce ko da kaɗan ce. A teku ba ta taruwa, a akwati kuwa ba ta da wurin zuwa. Masu ceton kifin su ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin duwatsu da yashi. Wani rukuni yana mai da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wani rukunin kuma ya mai da naitirait naitiret, mai sauƙin illa, wanda ake rage shi ta hanyar canza kamar kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da za su iya aikin, sai an yi mako 4 zuwa 6. Ma'ana, mutum ya kashe kuɗinsa, ya haɗa komi, sannan ya zauna wata guda ko fiye yana kallon akwati babu kifi ko ɗaya. A ganinmu nan ne akasarin mutane suke faɗuwa, domin wanda ya sayi akwati ranar Asabar yana son baƙinsa su ga kifi ranar Lahadi.

Zafi kuwa ana riƙe shi tsakanin digiri 24 da 27. A ƙasashen sanyi na'urar ɗumama ruwa ake sawa. A wajenmu, inda watan Afrilu yakan haura digiri 40, sai dai na'urar sanyaya shi. Idan zafi ya ɗara abin da murjani ya saba da digiri 1 ko 2 na 'yan makonni, yakan kori ƙwayoyin tsiron nan daga jikinsa, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Ga kuma batun wuta, wanda ba sai mun yi muku dogon bayani ba. Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi, ruwa mai ɗumi kuma ya fi rashin riƙewa. Famfo ya tsaya na wasu awoyi cikin dare, da safe sai a kwashe gawa.

A ce duk an shawo kan waɗannan. Saura abinci, kuma a nan ne ake gane kifin da ake kira mai laulayi. Akwai wani ɗan kifi na yammacin tekun Pasifik da ake kira mandarin, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, jikinsa kamar an yi masa zanen atamfa da shuɗi da kore da ruwan lemo. Yini yake yi yana tsintar wasu ƙananan ƙwarin ruwa a jikin duwatsu, ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza a tsakar gida. Wanda aka kamo daga teku sau da yawa ba ya kallon abincin gwangwani. Idan akwatin bai yi wata shida ko shekara ba, yadda ƙwarin za su hayayyafa, sai ya cinye 'yan waɗanda ke nan, cikinsa ya shafe, ya mutu a hankali mai shi yana yaba kyansa.

Wanda ya kalli fim ɗin nan na yara, Finding Nemo, da ya fito a 2003, zai tuna da shugaban kifayen da ke cikin akwatin likitan haƙori, mai ratsin baƙi da fari da ruwan ɗorawa da doguwar tuta a baya. Masana suna kiran jinsinsa Zanclus cornutus. A teku soson ruwa yake ci da wasu halittu masu manne wa duwatsu, abincin da ke da wuyar samarwa a gida, kuma mafi yawan waɗanda ake saya ba sa daɗewa. Masu fim sun zaɓi kifin da ya fi kowa ƙin zaman akwati suka ba shi aikin shirya gudu, kuma a nan ba su yi kuskure ba.

Akwai kuma wanda mu muka laƙaba wa suna wanzami. Siriri ne mai baƙin layi daga baki zuwa wutsiya. Yana da wurin zamansa a tudun murjani, manyan kifaye suna zuwa suna jiran layi, su buɗe baki ya shiga ya cire musu ƙwari da mataccen fata. A akwati mai kifi biyar ko shida ba shi da isassun masu zuwa aski, sai yunwa. Asarar kuma biyu ce, domin binciken da aka yi a Ostareliya ya nuna cewa tudun da aka kwashe wanzamansa, kifayensa sukan ragu.

Cuta ma tana jira. Wadda aka fi sani tana fitowa kamar an barbaɗa wa kifi gishiri a jiki. Ƙwayar cutar takan yi kwana 3 zuwa 7 tana cin kifin, ta faɗo ƙasa ta rufe kanta, sannan ta fashe ta saki 'ya'ya ɗaruruwa. A teku yawancinsu ba sa samun kifi. A akwati kifin yana nan kusa, ba inda za shi. Maganin da ke kashe ta yana da sinadarin jan ƙarfe, wanda kuma yake kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Don haka masu hankali suna da akwati na biyu, inda sabon kifi zai yi kamar wata guda shi kaɗai kafin a haɗa shi da sauran. Idan cutar ta riga ta shiga babban akwatin, sai a kwashe kifayen duka a bar shi wajen mako 10 ko 11 har ƙwayoyin su mutu don rashin mai masauki.

Da a ce kuɗin mai kiwo kaɗai ke salwanta, da ba mu tsawaita ba. Amma yawancin kifayen ruwan daɗi da ake sayarwa don ado a gona ake ƙyanƙyashe su, na teku kuwa akasarin jinsunansu har yanzu kamo su ake yi, musamman daga Indonesiya da Filifin. Tun shekarun 1960 wasu masunta a Filifin suka fara fesa gubar sayanaid a ramukan murjani domin kifi ya sume a ɗauke shi da hannu. Dabarar ta bazu zuwa Indonesiya, kuma ko da yake ƙasashen biyu sun haramta ta, ba ta ƙare ba. Gubar tana kashe murjanin da ta taɓa, kifin kuma yakan farfaɗo, a ɗaure shi a leda da iskar oksijin, ya hau jirgin sama, ya isa kanti da kyansa, sannan ya mutu bayan 'yan makonni a gidan wanda ya saya. Shi kuma ya ɗauka laifin ruwansa ne, ya koma ya sayo wani.

Ko ba guba, yawan kamu yana ɓarna. Akwai wani kifi mai launin azurfa da ratsin baƙi wanda asalinsa ba a samunsa sai a kewayen tsibiran Banggai na Indonesiya. Namijin ne yake riƙe ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe, irin yadda macen karfasa take yi, kuma 'ya'yan kaɗan ne, ba sa yin nisa da inda aka haife su. Daga tsakiyar shekarun 1990 kasuwarsa ta buɗe, zuwa 2007 har an sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Ƙyanƙyashe kifin teku a hannu yana da wuya saboda jariransa. Bakinsu ƙanƙane ne ƙwarai, ba sa cin komi sai halittu masu rai da ba a gani sai da madubin kimiyya, kuma su ma sai an yi kiwonsu. Duk da haka an ci gaba. Jinsin Nemo kansa, mai launin lemo da farin ɗamara, tun shekarun 1970 ake ƙyanƙyashe shi a Amurka. A 2015 masana a Hawai suka yi nasarar raya kifin tang mai ruwan ɗorawa daga ƙwai, bayan fiye da shekara goma suna gwaji, a 2016 kuma Jami'ar Florida ta yi haka da ɗan'uwansa shuɗi. Mandarin da kifin Banggai ma yanzu ana samun na gona. Irin waɗannan sun tashi da abincin gwangwani, ba su sha guba ba, kuma ba a rage wa wani tudu komi ba. Sukan fi tsada, shi ya sa har yanzu mai saye yakan miƙa hannu ga na kamu. Amma Nemo na gona, idan ruwansa ya zauna daidai, yana haura shekara 10, wasu ma sun kai 20, wato wanda aka saya wa yaro yana aji ɗaya zai iya ganin ranar aurensa.