Hattara da Ɓera: Ba Abin Wasa Ba Ne

Jama'ar Shinkafi, Zurmi da Kaura Namoda, a yi hattara. Akwai wani maƙiyi da ke kwana da mu ɗaki ɗaya, yana cin abincinmu, yana yi mana fitsari a cikin gari, mu kuwa mun mai da shi abin raha. Yaro ya kamo gafiya ya ɗaura mata igiya yana ja a tsakar gida, ko ya sa ɓera a keji yana ba shi tsaki, iyaye na kallo suna dariya. Ranar da ya gaji sai ya buɗe keji, a ce ai zai mutu a daji. To ɓera ba ya mutuwa don an sake shi. Rami yake nema, ya hayayyafa, ya dawo da zuriyarsa.

Wanda ke shakka ya dubi abin da gafiyarmu ta yi a Amurka. Wajen shekarar 2000 wasu 'yan gafiyoyi da ba su kai goma ba suka kuɓuce daga hannun wani mai kiwonsu a tsibirin Grassy Key na jihar Florida. Suka shiga daji suka yaɗu, hukuma ta shafe shekaru tana ɗana tarko da zuba guba, aka ɗauka an gama da su, sai ga su sun sake ɓulla a 2011. A 2003 kuma aka kai ƙananan dabbobi kusan 800 daga Ghana zuwa Texas, cikinsu har da gafiya, don a sayar wa masu sha'awar kiwo. Ta nan ƙyandar biri ta shiga ƙasar, ta kama mutane a jihohi shida, har gwamnati ta haramta shigo da ɓerayen Afirka. Ƙasa mai kuɗi da likitoci ke nan ta sha wuya. Mu da me za mu tare?

Abin da ya fi kusa da mu shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Mai ɗauke da shi wani ƙaramin ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda ke zirga-zirga tsakanin gona da gida. Cikinsa mako uku ne da 'yan kwanaki, kuma haihuwa ɗaya yakan zubo 'ya'ya goma ko fiye. Shi cutar ba ta kayar da shi, amma tana cikin fitsarinsa da kashinsa. Ya hau buhun gero da dare, ya bi ta kan garin da aka shanya, ya leƙa randar da ba murfi. Da safe uwargida ta ga 'yan baƙaƙen kashi a bakin ƙwarya, ta hure su, ta dama kunu. Shi ke nan.

Cutar takan ɓoye har kwana 21 kafin ta bayyana, kuma da farko sai a rantse zazzaɓin cizon sauro ne: zafin jiki, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro. Mafi yawan waɗanda ta kama ba ta yi musu tsanani, shi ya sa ake raina ta. Amma in ta yi tsanani sai jini ta hanci da baki, wasu da suka tsira kuma su kurmance. Mai tsohon ciki da wuya abin da ke cikinta ya rayu. Tana kuma bin jini da majina daga majinyaci zuwa mai jinya. A Janairun 2020 likitoci biyu ta kashe a Kano.

Kada wani ya ce ai cutar Edo da Ondo ce. Bauchi da Taraba na cikin jihohin da ta fi addaba, kuma buhunan kaya na shiga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis daga ko'ina. Ga halin da rashin tsaro ya jefa mu: mutane sun baro ƙauyuka sun cunkushe a gari, hatsin da ya kamata ya kwana a rumbu yanzu yana ɗakin barci, gefen tabarmar yara. Da rani kuma samari su cinna wa daji wuta don farautar gafiya, ɓerayen da suka tsere su nufo gidaje. Lokacin rani ne kuwa cutar ta fi tashi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu muka buɗe masa ƙofa.

Don haka maigida, hana yaranka kiwon ɓera da wasa da shi, kuma wanda aka riga aka kama kada a sake shi. A daina ƙona daji don nama, a daina feɗe ɓera da hannu. Uwargida, zuba hatsi a durom ko roba mai murfi, rufe abinci da ruwa, daina shanya a bakin titi. A toshe ramuka, a kai shara nesa da gida, a ajiye kyanwa. Mataccen ɓera a ɗauke shi da shebur a binne da zurfi. Shinkafar ɓera kuma a nisanta ta da yara da kaji.

Duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a garzaya asibiti, kada a tsaya yawon kemis. Akwai lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232. Malamai a kan mumbari, masu unguwanni a fada, malaman makaranta a aji, ku isar da wannan saƙo tun kafin a fara ƙirga gawa. Allah Ya tsare mu, mu ma mu tsare gidajenmu.