Abin da ke sa mata masu juna biyu toshewar hanci da haki

Kusan mace ɗaya cikin biyar masu juna biyu na fama da toshewar hanci na tsawon makonni ba tare da mura ta kama ta ba, yayin da fiye da rabinsu kan ji numfashinsu ya sauya tun kafin cikin ya tsufa.

Likitoci sun ce a mafi yawan lokuta wannan ba cuta ba ce, jiki ne ke daidaita kansa da ɗawainiyar da ya ɗauka.

Sai dai kuma akwai hakin da ke zama alamar wata babbar matsala, kuma sanin bambancin kan ceci rai.

Murar da ba mura ba

A shekarar 1999 ne wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Suwidin, Eva Ellegard da Goran Karlsson, suka fayyace wannan larura da cewa toshewar hanci ce da ke kai makonni 6 ko fiye, ba tare da ƙwayar cuta ko wani abin da jiki ba ya so ba, kuma takan gushe cikin makonni 2 bayan haihuwa.

Bayanin da masana ke yi shi ne, jinin da ke jikin mace yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100 a lokacin da take da ciki.

Cikin hanci kuwa cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, don haka idan suka cika sai fatar wurin ta kumbura, hanyar iska ta ƙuntata. Ana kuma ganin sinadaran da jiki da mabiyiya ke fitarwa suna da hannu a wannan kumburi.

Wannan ne ma ya sa wasu matan kan yi haɓo, ko su fara minshari alhali a da ba su yi.

Me ya sa ake haki?

Sinadarin furojestaron, wanda ke ƙaruwa tun farkon ciki, yana zaburar da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi.

Sakamakon haka iskar da mace ke shaƙa a kowane numfashi kan ƙaru da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ko da yake yawan numfashinta a minti ɗaya bai cika sauyawa ba. Da haka ne jiki ke samun ƙarin iskar oksijin da uwa da ɗan tayi ke bukata.

Idan cikin ya girma kuma, mahaifa kan tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama da kimanin santimita 4.

Irin wannan haki a hankali yake zuwa, ba ya hana mace ayyukanta na gida, kuma sau da yawa yakan yi sauƙi a makonnin ƙarshe idan jariri ya gangara ƙasa.

Hunturu da hayaƙi

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar lamarin yakan ƙara tsananta a lokacin hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga yankin Bodele na ƙasar Chadi.

Hayaƙin itacen girki, da na turaren wuta, da na maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki, da na taba sigari, duk suna ƙara fusata hanci.

Shawarar da likitoci ke bayarwa ita ce a riƙa wanke hanci da ruwan gishirin da ake sayarwa a kantunan magani, a ɗaga kai da ƙarin matashi lokacin kwanciya, a kuma riƙa ɗan tattaki. Shaƙa ruwa mai tsabta da facewa, kamar yadda ake yi a alwala, shi ma yana rage ƙura.

Sun kuma yi gargaɗi game da magungunan buɗe hanci na fesawa ko ɗigawa, domin idan aka wuce 'yan kwanaki ana amfani da su, toshewar kan dawo fiye da da.

Haka nan ana son mace ta guji ƙwayoyin mura masu ɗauke da sinadarin pseudoephedrine, musamman a watanni 3 na farko ko idan tana da hawan jini.

Mai ciwon asma kuwa ba a son ta daina shaƙar maganinta don ta samu ciki, saboda tashin ciwon ya fi maganin haɗari ga jariri.

Lokacin garzayawa asibiti

Akwai alamomin da bai kamata a jira ranar awo ba idan an gan su.

Sun haɗa da hakin da ya zo farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko tarin jini, ko kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo. Waɗannan na iya nuna cewa gudan jini ya toshe wata jijiya, abin da ya fi samun masu ciki da masu jego fiye da sauran mata.

Haki tare da kasala da jiri da ɗashewar tafin hannu kuwa na iya zama ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro da rashin isasshen abinci mai gina jiki ke haddasawa.

Idan kuma ya zo da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska, to ana fargabar hawan jinin da kan kai ga jijjiga.

Sai kuma ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko na jego, wanda arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya.

Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya gano shi a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, inda aka danganta shi da wankan jego da shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki.

Babbar alamarsa ita ce mace ta kasa kwanciya sai a jingine, ko ta riƙa farkawa cikin dare numfashi na sarƙe mata.

Tun a shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta ga jami'an lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu.

A wajen awon ne ake auna jini da bugunsa, kuma a nan ne ya kamata mace ta faɗi duk wani sauyi da ta ji a numfashinta, ko da tana ganin ƙarami ne.