Wayar da Ke Kashe Sifikar Mota, da Yadda Ake Gyara Ta

 Kowa ya taɓa jin motar da ke wucewa kiɗanta yana dukan ƙirji tun daga nesa. Wannan rugugin daga babbar sifika yake fitowa, wadda ake kira wufa, galibi a cikin akwati a but ɗin mota. Sau da yawa takan yi shiru rana ɗaya, mai ita ya ɗauka ta ƙone ya jefar, alhali wata 'yar waya ce kawai ta tsinke, wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba.

Yadda sifika ke aiki

Irin sifikar da ake amfani da ita yau ta samo asali ne daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, a 1925. A bayanta akwai maganaɗisu. A cikin ramin maganaɗisun akwai naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, wato kwayil, wanda aka manne da faifan da muke gani a gaba. Idan lantarki ya bi ta kwayil, sai ya zama maganaɗisu shi ma, na bayan ya riƙa tura shi yana jawo shi. Faifan ya bi shi gaba da baya, ya tura iska, kunnenmu ya ji sauti. 'Yan ajin fiziks, darasinku ne wannan a aikace.

To ta ina lantarkin ke isa ga kwayil, tunda shi kullum motsi yake, ƙusoshin da ake ɗaura wayar amfilifaya kuwa a kafe suke? Ta wasu wayoyi biyu masu laushi da suka tashi daga ƙusoshin zuwa gindin faifan. An kitsa su ne da siraran zaren jan ƙarfe a kan kirtani, domin su lanƙwasa ba tare da sun karye ba. Wufa mai kwayil biyu tana da irinsu huɗu.

Me ke tsinka su?

Ɗauki wayar ɗaurin tsintsiya ka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya. Ba za ta daɗe ba ta karye. Idan wufa tana fitar da sautin da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa ɗaya, to a awa ɗaya wayar ta lanƙwasa sau 144,000. Ƙure sauti yana sa faifan ya wuce iyakarsa ya fizge ta. Idan ta yi gajarta takan miƙe ta tsinke, idan ta yi tsawo kuma takan riƙa marin faifan. Yawanci takan yanke a bakin liƙin dalma, inda taurinta ya haɗu da laushinta.

Kada a bar ta a haka. Guntun da ke reto yana iya taɓa ɗan'uwansa ya yi tartsatsi, ya ƙona yadin da ke riƙe da kwayil ko ya lalata amfilifaya.

Gano ciwon

Alamar farko ita ce sauti ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko a ji ƙas-ƙas idan kiɗa ya yi nauyi. A kashe mota, a cire kan batir mai alamar ragi, sannan a kwance sifikar daga akwati. A yi wa wayoyin amfilifaya alama don kada a juya su wajen mayarwa.

A haska wayoyin da tocila. Wani lokaci jan ƙarfen ya gutsuttsure amma kirtanin ciki yana nan, sai ido ya ga kamar lafiya lau. Nan mita take amfani. Sifika mai om 4 takan nuna uku da wani abu a mita. Idan mitar ba ta nuna komai ba, ko lambar tana tsalle yayin da kake taɓa wayar, an kama ɓarawon. Amma idan akwai ƙaurin ƙuna, ko ka danna faifan a hankali ka ji yana gurza, to kwayil ne ya ƙone, wannan kuwa sai ƙwararren mai gyara.

Gyaran

Ana buƙatar ƙarfen narka dalma, dalmar liƙi, ƙaramar filaya, gam mai laushi da sabuwar waya irin ta asali. Ana samunta wurin masu gyaran rediyo, ko a ciro daga matacciyar sifika mai girma ɗaya. Wayar wutar gida ba ta wannan aiki, don ba ta jure lanƙwasa.

1. Idan a bakin ƙusa ta yanke kuma akwai sauran tsawo, a datse ɓarin da ya lalace a sake liƙa ta.
2. Idan a tsakiya ne, a sauya ta gaba ɗaya. Ƙulli da dalma a tsakiya yana haifar da sabon wuri mai tauri, nan za ta sake karyewa.
3. A auna sabuwar da lafiyayyar da ke gefenta. Ta yi ɗan baka, ba ta miƙe ba, ba ta taɓa faifai ko ƙarfen jiki ba.
4. A liƙa ɓangaren faifan da farko, inda ta haɗu da bakin kwayil. A riƙe wayar da filaya dab da wurin liƙin domin filayar ta shanye zafi, dalma ba ta hau cikin kitson ta sandarar da shi ba. A yi sauri, daƙiƙa biyu ko uku, don zafi yana ƙona faifai.
5. A rufe wannan liƙin da gam, a bari ya bushe sosai, sannan a liƙa ɗaya bakin a ƙusa.
6. A sake aunawa da mita. A taɓa ƙusoshin da batirin tocila mai bolt 1.5 na ɗan lokaci. Idan faifan ya motsa, aiki ya yi. A kunna da sauti ƙasa-ƙasa tukuna.

Wasu wufofin an ɗinke wayoyinsu a jikin yadin da ke riƙe da kwayil. Waɗannan a kai wa gwani.

Gargaɗi

Dalmar liƙi irin ta 60/40 tana narkewa a kusan digiri 190, bakin ƙarfen kuwa ya fi haka zafi nesa. Ɗalibi kada ya gwada sai a gaban malami ko babban da ya san aikin. A buɗe taga, kada a shaƙi hayaƙin, kada a riƙe dalma da haƙori, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Dalma guba ce. A 2010 gubarta, daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta kashe ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara.

Wanda ke da matacciyar sifika a gida, ya nemi izini ya kawo ta ɗakin gwaje-gwaje, mu auna ta tare a gaban malamin fiziks.