Benis, Garin Ruwa da Sai da Ƙafa Ake Saninsa

Da wuya ka ga hoton Benis babu baƙin kwalekwalen nan mai dogon wuya a ciki, matuƙinsa a tsaye yana tuƙi da filafili ɗaya. Shi ya sa mutane da yawa ke zaton 'yan garin a kan ruwa suke wuni. Ba haka ba ne. Mutumin Benis da ƙafa yake zuwa cefane, da ƙafa yake raka yaro makaranta. Kwalekwalen, wanda ake kira gondola, kusan baƙi kaɗai ke hawansa, don kuwa zagayen rabin awa ya kai Yuro 90. Mai son sanin garin, takalmi mai daɗin tafiya ya fi masa gondola amfani.

Benis tana arewa maso gabashin Italiya, a tsakiyar wani tafkin ruwan gishiri da ke bakin tekun Adiriyatik. Ƙananan tsibirai ne wajen 118 aka ɗinke da gadoji fiye da 400. Ƙasar wurin taɓo ce, don haka magina na dā suka riƙa kafa turakun itace a cikinta, ɗaya jikin ɗaya, suka shimfiɗa dutse a kai, sannan suka ɗora gini. Itacen da ya nutse a taɓo iska ba ta samunsa, shi ya sa bai ruɓe ba har yau. Jirgin ƙasa ya fara shiga garin a 1846, gadar mota mai tsawon kusan kilomita 4 kuma aka buɗe ta a 1933, amma dukansu a bakin gari suke tsayawa. Daga dandalin Piazzale Roma ko tashar Santa Lucia, babu mota, babu babur, keke ma an hana hawa. Ɗaukar marar lafiya, kashe gobara, kai gawa maƙabarta, duk aikin jirgin ruwa ne. Kayan shago kuwa 'yan dako ne ke turawa a kura, suna cicciɓa ta matakala bayan matakala, domin kusan kowace gada tana da matakalai don jirgi ya samu wucewa ta ƙasa. Mai jan babbar jaka a nan yake fara nadama.

Abu na farko da baƙo zai haƙura da shi shi ne ɓata. Zai ɓata, ko da taswira a hannu, ko da waya, don dogayen bangaye da matsattsun lunguna kan rikita na'urar nuna hanya. Wanda ya taɓa shiga lungunan cikin birnin Kano ya san irin abin, sai dai a nan lungun da ka ɗauka zai ɓulle kan ƙare ne a bakin ruwa, ba gada, ba komai, sai ka juyo. Akwai lungu ɗaya, Calle Varisco, da faɗinsa a wani wuri bai wuce santimita 53 ba. Lambar gida ma ba ta taimako. Garin unguwanni shida ne: San Marco, San Polo, Santa Croce, Dorsoduro, Cannaregio da Castello, kuma lamba ba ta bin titi, unguwa take bi, ta fara daga 1 ta yi ta kewaya har dubbai. A Castello ta haura 6,000. Abin da ke ceton mutum shi ne rawayen alluna da ke kusurwoyi, masu kibiya zuwa Rialto ko San Marco, da sunayen lunguna da aka rubuta da baƙi a kan farin fenti jikin bango. Wani lokaci kibiya biyu za ka gani, ɗaya hagu ɗaya dama, duka suna cewa San Marco. Ba ƙarya suka yi ba.

Lungu kan buɗe ne ya faɗa cikin fili, wanda suke kira campo, kuma kusan kowane irin filin nan akwai bakin rijiya na dutse a tsakiyarsa, an rufe da ƙarfe. A tsaya a dube su, don suna ba da labarin garin fiye da wasu fadoji. Gari ne a cikin ruwa amma ba ruwan sha. Saboda haka aka haƙa ƙarƙashin filin, aka daɓe da yumɓu, aka cika da yashi. Ruwan sama ya bi ta ramukan da ke daɓen, yashi ya tace shi, ya taru a rijiya. Da haka aka rayu har 1884 da aka jawo ruwan famfo daga tudu. Yau akwai famfuna a filaye da dama, kyauta, ruwansu kuma na sha ne.

Babbar hanyar ruwa, Canal Grande, ta ratsa garin a lanƙwashe kamar maciji, tsawon kusan kilomita 4, amma gada huɗu kacal ke kanta. Mafi tsufa ita ce Rialto, ta dutse, wadda aka gama a 1591, da shaguna jere a kanta. Kasuwar da ke gefenta ta girme ta nesa, tun 1097 ake ci. A je da sassafe, lokacin da masu kifi ke baje kaya, amma ban da Lahadi da Litinin. In gada ta yi nisa, akwai 'yan wurare da ake fito da babbar gondola a kan Yuro 2, 'yan gari a tsaye suke yin sa. Ga mai son ya ce ya hau gondola ba tare da aljihu ya yi kuka ba, ga dama.

San Marco kowa zai je, kuma ya cancanta: majami'a mai ƙubbobi biyar da adon zinariya, fadar sarakunan garin da ake zaɓa a dā, da hasumiya mai kusan mita 99 wadda ta rushe a 1902 aka sake gina ta kamar yadda take a 1912. Sai dai cunkoson rana yakan hana ganin komai sai ƙeyar mutane. Ni a ganina a je da asuba, a gama, a nufi inda taro ba ya zuwa.

Can ne mai karatu Bahaushe zai ga abin da zai ba shi mamaki. Babban kaso na arzikin Benis daga fatauci da ƙasashen Musulmi ya samu, Iskandariyya, Dimashƙu, Halab, Istanbul, kuma sawun wannan hulɗa yana nan a bango. A Cannaregio akwai filin Campo dei Mori, inda gumakan wasu fatake masu rawani ke tsaye jikin gidaje, a bayansu kuma wani gida da aka sassaƙa raƙumi da kaya a fuskarsa. A bakin Canal Grande ga Fondaco dei Turchi, masaukin fataken Daular Usmaniyya daga 1621 zuwa 1838. Kalmar fondaco kanta daga Larabcin funduƙ ta fito, kamar yadda Arsenale, tsohuwar masana'antar jiragen garin, ta fito daga darus sina'a. A Benis aka fara buga Alƙur'ani da injin ɗab'i cikin haruffan Larabci, tsakanin 1537 da 1538, bugun da ya cika da kurakurai, ya kuma ɓace, sai a 1987 aka gano kwafi ɗaya a ɗakin karatun wasu limaman Kirista na garin. Zaren ya iso har ƙasarmu: in ka ɗaga wasu tsofaffin littattafan malamanmu na Kano ko Borno a hasken rana, za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar. A yankin Benis ake yin irin takardar nan, ta biyo ta Masar da Tarabulus ta ƙetaro Sahara. A Cannaregio ɗin dai akwai unguwar da aka killace Yahudawa a 1516, ana kulle ƙofofinta da dare har 1797. Sunanta, Ghetto, shi ya bazu duniya.

Daga kaka zuwa hunturu teku kan cika ya hau tituna, abin da suke kira acqua alta. Jiniya kan yi gargaɗi, ma'aikata su jera dogayen bencina a bi ta kai. Mafi muni shi ne na 4 ga Nuwamba 1966, santimita 194, sai na 12 ga Nuwamba 2019, santimita 187. Tun Oktoban 2020 ake ɗaga ƙofofin ƙarfe 78 na shirin MOSE a mashigan tafkin, abin ya yi sauƙi ƙwarai.

Ambaliyar da ba a samo mata ƙofa ba ita ce ta mutane. A 1951 mazauna tsohon garin sun kusa 175,000. A 2022 suka faɗi ƙasa da 50,000, gidaje sun koma masaukin baƙi, shagon burodi ya koma na tsaraba. A 2021 aka hana manyan jiragen shaƙatawa bi ta gaban San Marco, a Afrilun 2024 kuma aka fara karɓar Yuro 5 daga masu yini ɗaya a ranakun cunkoso. Zama a matakalar gada a ci abinci, wanka a magudana, ba tantabaru hatsi, duk suna jawo tara. Akwai kuma ladabin da 'yan gari ke sa ran gani: a lungu a riƙe dama, a bi layi ɗaya, kada a tsaya ɗaukar hoto a tsakiyar gada, domin tsohuwar da ke bayanka da jakar cefane ba ta da wata hanyar zuwa gida sai wannan. Dab da gadar Rialto, a tagar wani kantin magani, akwai ƙaramin allon lantarki da ke nuna adadin mazaunan da suka rage. Dubban baƙi ke wuce shi kullum, idonsu na kan kibiyar San Marco.